Rubutu Ya Fito Kamar Tururuwa? Yadda Ake Ƙara Girmansa Kafin a Buga Shafin Intanet

A shagona na kwamfuta da ke Birnin Kebbi, da wuya rana ta faɗi ba a kawo min wannan kuka ba. Kwanakin baya wani dattijo daga Argungu ya ce a buga masa wani dogon bayani kan rabon gado da jikansa ya nuna masa a intanet. Da na miƙa masa takardar, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake matso da ita, sannan ya ce, "Ɗana, wanga rubutu ai sai mai idon shaho." Na ce, "Baba, yi haƙuri, minti ɗaya." Ga tambayoyin da aka fi yi min a kan lamarin.

Na ƙara girman rubutu a allo, me ya sa a takarda ya fito ƙanana?

Domin allo daban, takarda daban. Idan ka danne Ctrl ka buga alamar tarawa, idonka kawai ka taimaka wa. Da zarar ka ce a buga, burauza irin Chrome takan sake tsara shafin daga farko don ya shiga faɗin takarda, ba ruwanta da abin da ka yi a allo. Wasu shafukan ma masu su sun tanadi tsari na musamman na bugawa, mai ƙananan haruffa, don a rage cin takarda.

To ina ake gyarawa?

A tagar bugawa. Danna Ctrl da P tare. A Chrome, gangara ƙasa ka taɓa "More settings", ka nemi "Scale", ka canza shi zuwa "Custom", sai ka rubuta lamba. 100 shi ne girman asali, kuma ana iya sa daga 10 har zuwa 200. Edge da Firefox su ma suna da wannan gurbi da wannan sunan. A Firefox sai ka fara cire zaɓin "Fit to page width" kafin lambarka ta yi aiki.

Kada ka yi tsalle zuwa 200. Ni nakan fara da 120, in duba hoton takardar da ke gefe, in ƙara goma-goma. Na dattijon nan a 140 muka tsaya, ya karanta layin farko ba tabarau, ya ce madalla. Wannan hoton na gefe shi ne abokin shawararka: abin da ka gani a ciki shi firinta za ta fitar. Mutane suna wuce shi da gaggawa, sai takarda ta lalace su fara zagin inji.

Abu ɗaya da ya taɓa ci na: burauza takan riƙe lambar da ka sa har zuwa bugu na gaba. Ranar na manta na bar ta a 140, wata ɗaliba ta zo da shafi biyu, injin ya zubo mata huɗu. Asarar tawa ce, ba yadda zan ce ta biya. Tun daga nan, ina gama aiki nake mayar da ita 100.

Na ƙara girman, sai gefen dama ya yanke. Yaya zan yi?

Rubutu zalla ba ya ba da wahala, layukan ne za su naɗe su gangara, shafuka su ƙaru. Jadawali ne mai taurin kai, irin na sakamakon jarrabawa ko jerin sunaye, domin faɗinsa a ƙayyade yake. Kwantar da takardar, wato ka zaɓi "Landscape". Idan bai isa ba, ka rage bakin takarda ta hanyar mayar da "Margins" zuwa "Minimum".

Ka kuma leƙa girman takarda. A Nijeriya A4 muke amfani da ita, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, a kan "Letter" suke, mai 216 da 279. Ta fi tamu faɗi, ta fi ta gajarta, shi ya sa bugun ke fitowa a karkace ko da guntun gefe.

Takardar JAMB ko rasit ɗin biyan kuɗin makaranta fa?

Bar su a 100. Suna ɗauke da hoto da lambar da na'ura ke karantawa, kuma ana so su fito a shafi guda. Idan kuma fayil ɗin PDF ne, ka sani rubutunsa ba ya naɗewa. Ƙara girma yanke gefe kawai zai yi.

Ba na son tallace-tallace da tarkacen shafin su cinye min tawada.

Ja linzami ka haskaka sashen da kake so, sannan a tagar bugawa ka zaɓi "Selection only". Firefox kuma tana da zaɓin "Simplified" a shafukan labarai da dama, mai share komai ya bar rubutun. Idan shafin ya gagara duka, kwafe rubutun ka zuba a Word, ka sa haruffa a 14 ko 16. Tsohuwar dabara ce, amma ga wanda zai karanta wa jama'a a tsaye ban ga wadda ta fi ta ba.

A waya ana iya yi?

Tagar bugawa ta Android tana ba ka girman takarda, yawan kwafi da kwantar da shafi, amma ba gurbin ƙara girman rubutu. Saboda haka idan za ka je shago, kada ka mayar da shafin zuwa PDF a wayarka tukuna. Tura wa mai shagon adireshin shafin ta WhatsApp, ya buɗe a kwamfuta, ku duba girman tare kafin ya danna.