Kilo 750: Iyakar da Doka ta Sa wa Mai Jan Tirela da Jif

Daga Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, ƙananan tireloli da ake ɗaura wa jif a baya sun fara yawa. Wani albasa yake ɗauka, wani injin ban ruwa, wani raguna biyu ana gab da Babbar Sallah. Dabarar tana da kyau, domin tana rage kuɗin hayar mota. Sai dai yawancin masu yi sun ɗauka lasin da ke aljihunsu da takardun jif ɗin sun wadatar, alhali da zarar an maƙala tirela, doka ba ta ƙara kallon motar yadda take kallonta jiya.

Dokar da ke aiki a nan ita ce dokar hanya ta bai ɗaya ta ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, kuma an sabunta dokar a shekarar 2001. Ta haɗa Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya. Ke nan ƙa'idar da direba ya bari a Kuseri ita zai tarar idan ya tsallaka gadar Ngueli ya shiga Njamena.

Lasin rukunin B, wanda kusan duk mai jif yake riƙe da shi, na motar da nauyinta da cikakken lodi bai wuce kilo 3,500 ba ne, kuma kujerunta ba su wuce tara ba har da ta direba. Mai wannan lasi yana iya jan tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba. Idan ta wuce, an shiga rukunin E, kuma wannan sai an koma makarantar tuƙi an ci jarrabawarsa.

A nan mutane suka fi ruɗewa, don haka bari in tsaya a kai. Kilo 750 ɗin ba nauyin kayan da ka ɗora yau ba ne, ba kuma nauyin tirelar a fanko ba. Shi ne iyakar nauyin da aka yarda tirelar ta kai, ita da kayanta a haɗe, kamar yadda maƙerinta ya buga a ɗan allon ƙarfen da ke jikinta. Tirelar da allonta ya ce kilo 1,200 tana buƙatar lasin E ko da babu ko tsinke a cikinta. Wadda kuma allonta ya ce 750, in ita kanta ta kai kilo 250, kilo 500 kawai ya rage maka, wato buhu biyar na masara mai kilo ɗari-ɗari. Buhu na shida ya fitar da kai daga doka.

To ina batun tirelar da mai walda ya haɗa a unguwa da tsohon gatarin mota? Ita ce ta fi yawa a wajenmu, kuma ita ce ta fi damuna. Ba ta da allo, babu wanda ya auna ta, mai ita ma bai san nauyinta ba. Ba raina aikin maƙeranmu nake yi ba, akwai gwanaye a cikinsu. Amma a shingen jandarma "ai ba ta da nauyi" ba hujja ba ce. Wanda zai sa a ƙera masa, ya kai ta sikeli a auna, sannan ya je ofishin sufuri na yankinsa ya ji yadda za a shigar da ita takarda tun kafin ta hau titi. Babbar tirela tana da katin rajista da lambar kanta. Ƙaramar kuwa lambar motar da ke janta ake maimaitawa a bayanta, tunda ta rufe ta jif ɗin.

Wannan iyaka ta 750 tana da dalili, kuma dalilin birki ne. Tirelar da ta wuce ta dole ta zo da birkin kanta, saboda an ƙera birkin jif ne don tsayar da jif. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga dutsen Ngaoundere ya nufi Mbe a kan babbar hanya mai lamba 1 ya san abin da ake nufi. Tan guda na kaya yana tura ka ta baya, birki ya yi zafi ya daina kamawa, ga kwana a gabanka. A irin wannan gangara da ƙaramin giya ake sauka, ba a kwanta wa birki. Littafin motarka ma yana da nasa adadin na abin da za ta iya ja, da birki da kuma babu birki, kuma ba a wuce shi don doka ta yi sassauci.

Fitilu ba su da dogon bayani: jar fitilar dare, ta birki, sigina, da madubai ja masu kusurwa uku a baya. A haɗa sarƙar tsaro tsakanin mota da tirela ko da ƙugiya za ta zame. Igiyar roba ba ta maye gurbin sarƙa.

Sai inshora, wadda ake mantawa har sai ɓarna ta auku. Dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta 1992, wadda Kamaru da Chadi duk suke ciki, ta wajabta inshorar haƙƙin wasu a kan mota da kuma tirelarta. Maƙala tirela ƙari ne a kan haɗarin da kamfani ya amince ya ɗauka, don haka wajibi ne ka sanar da su su rubuta. Idan ka yi shiru, tirelar ta kuɓuce ta buge mai babur, za ka iya tsintar kanka cikin jayayya da kamfanin a lokacin da wani yake kwance a asibiti yana jiran magani. Mai tsallaka iyaka zuwa Chadi zai buƙaci katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC, ya kuma tabbatar an ambaci tirelar a takardunsa.

Yadda ake jera lodi ba jandarma ne zai koya maka ba. A sa mafi nauyin kaya ƙasa-ƙasa, ɗan gaba da tayoyin tirelar, yadda ƙugiya za ta ɗan danne bayan jif. In nauyi ya koma baya, tirelar takan fara lilo idan an yi gudu ko babbar mota ta wuce ta gefe. Idan haka ta faru, a sassauta mai a hankali, a riƙe sitiyari daidai, kada a taka birki da ƙarfi. Kuma don Allah kada a ɗora yara ko 'yan dako a kan kaya a tirela, komai kusancin gonar. Kafin tafiyar farko, a samu fili a koyi komawa da baya, domin tirela tana juyawa ne saɓanin inda aka murɗa sitiyari.