Tambayoyi da amsoshi kan hawa tsohuwar ganuwar Alanya

'Yan'uwa daga Gusau da Ƙaura Namoda da ke zuwa Turkiyya kasuwanci ko duba 'ya'yansu ɗalibai suna yawan aiko mini da tambayoyi iri ɗaya game da ganuwar da ke kan tsaunin Alanya, kuma na gaji da maimaita amsa a waya. Ga su a rubuce, wanda ya sake tambaya zan turo masa wannan.

A Istanbul take?

A'a. Alanya gari ne a bakin tekun Bahar Rum, a lardin Antalya da ke kudancin Turkiyya, kimanin kilomita 135 gabas da birnin Antalya. Daga Istanbul sai an hau jirgi ko an kwana a mota.

Wa ya gina ta?

Girkawa da Rumawa sun yi gini a kan tsaunin tun da farko, amma mafi yawan abin da ake gani yau aikin Sarki Ala'uddin Kaikubad ne na daular Saljuƙawa, wanda ya ci garin a 1221. A zamaninsa aka gina Jan Hasumiya mai kusurwa takwas a 1226, tsayinta mita 33, sannan aka gina wurin ƙera jiragen ruwa a gefenta. Katangar ta kai kusan kilomita 6.5, da hasumiyoyi 140. Tarihin Musulmi ne, kuma abin takaici ne mutum ya hau ya sauko bai san wannan ba.

Wane takalmi zan sa?

Takalmin ƙafa-ciki mai kama ƙasa. Kada ka zo da silifas, kuma babbar riga ka bar ta a masauki.

Malam, zan zo da Baba, ya haura shekara 65, yana da hawan jini da ciwon gwiwa, amma ya ce da ƙafarsa zai hau. In bar shi?

Wannan ita ce tambayar da ba na son a amsa ta da gaggawa, domin amsar ta dogara da lokacin da za ku zo, da hanyar da za ku bi, da kuma abin da likitan Alhaji ya ce kafin ku bar gida. Tsaunin ya kai kimanin mita 250 daga bakin ruwa. Wanda ya taɓa hawa dutsen Kwatarkwashi zai ce wannan ba komai ba ne, kuma ta fuskar wuyar dutse yana da gaskiya, tunda a nan akwai titi da matakala. Sai dai zafin Zamfara busasshe ne, na Alanya kuwa a watannin Yuli da Agusta cike yake da gumin teku, irin wanda mutum zai jiƙe sharkaf tun bai yi nisa ba, numfashi ya yi masa nauyi. Dattijo mai hawan jini bai kamata ya gwada hawa da rana tsaka a wannan lokaci ba, ko da ya rantse cewa ya saba da gona.

Hanyoyin hawa sun bambanta. Wadda ta tashi daga Jan Hasumiya ta ratsa unguwar Tophane ita ce ta fi kyan gani, amma tana da matakala masu tsayi da duwatsu masu santsi, kuma saukowa ta fi cin gwiwa fiye da hawa, abin da mutane ba sa lissafawa. Titin mota ya fi sauƙin tudu amma ya fi tsawo, yana lanƙwasa, ga motoci suna wucewa, ga ƙarancin inuwa. Akwai kuma keken igiya da Turkawa ke kira teleferik, wanda aka buɗe a 2017, yana tashi daga wajen gaɓar Kiliyofatara ya sauke mutum kusa da ɓangaren da ake kira Ehmedek. To ko shi ba ya kai mutum ƙololuwa, sai an ƙara taka tudu kafin a isa ganuwar ciki.

Shawarata, idan likita bai hana ba, ita ce ku ɗauki tasi ko bas ta kai ku sama, Alhaji ya zagaya ganuwar ciki a tsanake, sannan idan jikinsa ya ba shi ya sauko da ƙafa zuwa masallacin da ke cikin ganuwar ya huta. Idan a bazarar can kuka zo, wato Afrilu ko Mayu, ko kuma a Oktoba, kuma gwiwar ba ta kumbura ba, zai iya taka wani sashe da sassafe, da sanda da ruwa da maganinsa a aljihu. Idan yana azumi, ya haƙura da hawan ƙafa gaba ɗaya. Kuma ka lallashe shi da ladabi, domin dattijo idan aka ce masa ba zai iya ba a gaban mutane, nan ne zai dage.

Akwai wurin salla?

Akwai. Masallacin Sulaimaniyya yana cikin ganuwar, asalinsa na zamanin Saljuƙawa ne, aka sake gina shi a ƙarni na 16, kuma ana salla a cikinsa har yau. Hajiya ta kwantar da hankalinta, akwai ɓangaren mata.

Ana biyan kuɗi?

Zagayawa cikin unguwannin kyauta ne. Ganuwar ciki da Jan Hasumiya suna da tikiti, keken igiya ma haka, kuma farashin yana sauyawa, don haka a duba a ƙofa.

Zan iya hawa kan katangar in ɗauki hoto?

Ban san abin da ke kai matasanmu ga wannan ba. A wasu wurare bayan katangar babu komai sai gangare miƙe zuwa teku, kuma ginin ya kusa shekara 800. Ka tsaya inda aka yi shinge. Haka nan akwai mutane da ke zaune cikin ganuwar da iyalansu, saboda haka kada a leƙa gidajensu ko a ɗauki hoton matansu ba izini.

Zan zo da iyali, akwai abin da ya kamata in sani?

Tashar keken igiya tana dab da inda baƙi ke wanka a teku da tufafin da ba mu saba gani ba. Wanda wannan zai dame shi ya bi ta Jan Hasumiya, ko ya ce wa mai tasi ya wuce da su sama kai tsaye.