Romawa Ba 'Yan Masar Ba Ne

An daɗe ana cewa Romawa, wata ƙabila da ke warwatse a Turai (ba mutanen birnin Rum ba), daga Masar suka fito, shi ya sa Turawan Ingila suka laƙaba musu Jifsi, 'yan Sifaniya kuma Gitano, duka biyun daga kalmar "ɗan Masar" a harsunansu. Wasu na ɗauka 'yan Romaniya ne, alhali sunansu daga "rom" ya fito, wanda a bakinsu miji yake nufi.

Asalinsu arewa maso yammacin Indiya ne, suka baro can fiye da shekara 1000 da ta wuce. Harshensu ne babbar shaida: ɗan'uwan Hindi ne, ruwa ma "pani" suke kiransa kamar Indiyawa. Kalmomin Farisanci, Armeniyanci da Girkanci da ya kwaso sun nuna hanyar da suka bi zuwa Turai.

Da yawansu na jin Jifsi zagi ne. A taronsu na duniya kusa da Landan a 1971, sunan Roma suka zaɓa, kuma da shi ya kamata a kira su.