Bogenbiliya a tukunya: ruwa da taki, ya ake yi?

Kullum ina ba ta ruwa, ganye ya cika ta amma babu fure, me ke faruwa?

To ai ruwan nan na kullum shi ne matsalar. Bogenbiliya, wato shukar adon nan mai ƙaya da furanni masu launi, asalinta daga Kudancin Amurka ne, ɓangaren Brazil, kuma ba ta son saiwarta ta zauna cikin danshi, in ta samu ruwa ko da yaushe sai ta yi ta fitar da ganye da dogayen rassa masu ƙaya ta manta da fure gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga a Kano da Kaduna da hunturu ta fi yin ado, lokacin da ba a ruwan sama, da damina kuwa kore kawai.

To yaushe zan ba ta?

Ka cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ka ji a bushe ka zuba ruwa sosai har sai ya fito ta hudar ƙasan tukunya, sannan ka ƙyale ta sai ta sake bushewa. In da sauran danshi, bar ta. Amma fa da bazara, wajen Maris zuwa Mayu, ƙaramar tukunya na iya bushewa cikin yini ɗaya musamman in a kan siminti take, nan kam ka riƙa duba ta kowace safiya. Kuma don Allah kar a bar ruwa ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar, ruɓewar saiwa daga nan take farawa, ganye ya yi rawaya ya zube, mutum ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata ruwa.

Zan iya sa mata yuriya irin ta gona?

A'a. Yuriya sinadarin naitirojin kawai take ba shuka, kashi 46 cikin 100 nata shi ne, ganye take ƙarawa. NPK 15-15-15 ya fi, kamar cokalin shayi guda ga matsakaiciyar tukunya sau ɗaya a wata, ka fara jiƙa ƙasar tukuna sannan ka barbaɗa ta gefen tukunya, nesa da gindin. Takin gargajiya ma yana yi, kashin shanu wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake.

In sauya mata babbar tukunya?

Kar ka yi gaggawa, ta fi fure in saiwarta ta ɗan matsu. Saiwar kuma siririya ce mai saurin tsinkewa, in za ka sauya ka ɗauke ta da dunƙulen ƙasarta, ka haɗa sabuwar ƙasar da yashi.

Na gyara duka amma shiru?

Duba inda ka ajiye ta. Tana buƙatar rana kai tsaye ta awa biyar zuwa shida a yini, in tana ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya sai ka fito da ita fili.