Tseren ratsa daji na duniya: tambayoyi da amsoshi kan gasar da ba a duba agogo

Cikin duk wasannin guje-guje babu wanda nake ɗokin zuwansa kamar gasar tseren ratsa daji ta duniya, wadda 'yan wasa ke kira kuros kantiri. Da na ɗauko zancenta, kusan tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini. Ga su nan, da amsar da nake bayarwa.

Wai mene ne tseren ratsa daji, kuma ina ya bambanta da gudun fanfalaki?

Gudun fanfalaki a kan kwalta ake yin sa, kilomita 42 da 'yar ɗoriya. Tseren cikin filin wasa kuma a kan shimfiɗaɗɗen dandali ne mai zagayen mita 400. Wannan kuwa a kan ƙasa tsurarta ake yin sa: ciyawa, taɓo, yashi, hawa da gangara, wani zubin har da dusar ƙanƙara. Masu shirya gasa sukan shata hanya mai zagayen kusan kilomita 2, 'yan wasa su yi ta kewaya ta, sanye da takalma masu ƙusoshi a ƙasa don kada santsi ya kwashe su.

Tun daga 2017 manya maza da mata duk kilomita 10 suke yi. Kafin nan maza 12 ne, mata 8. 'Yan ƙasa da shekara 20 kuwa, samari kilomita 8, 'yan mata 6. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaro tseren karɓa-karɓa, inda maza biyu da mata biyu na ƙasa ɗaya kowa yake yin zagaye guda.

Me ya sa ba a taɓa jin wani ya kafa tarihin lokaci a wannan gasa ba?

Domin babu hanyar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Wadda aka bi bana na iya zama tudu da kwari, ta baɗi ta zama shimfiɗaɗɗen fili. Ko a hanya ɗaya ma, ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da ita wata aba daban. Saboda haka hukumar guje-guje ta duniya ba ta ajiye kundin mafi sauri a nan. Abin da ake tambaya ɗaya ne: na nawa ka zo?

Ni wannan ne ya sa nake ƙaunarta. Babu wanda aka ɗauko haya don ya ja wa kowa gudu, babu fitilar da ke nuna maka saurin da za ka bi. Kai ne da abokan karawarka da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ga shi kuma gwanin mita 1500 da gwanin mita 10,000 da mai tsallake shinge da ɗan fanfalaki duk layi ɗaya suke tsayawa, lambar zinariya kuma ɗaya ce. A wasannin Olamfik kowa da ɓangarensa. Shi ya sa masana da dama ke cewa babu tseren dogon zango da ya kai wannan wuyar ci.

To yaya ake fitar da sakamakon ƙasashe?

Tsere ɗaya ne amma gasa biyu ke cikinsa. Akwai ta ɗaiɗaiku, wadda kowa ya gane: wanda ya riga isa shi ne zakara. Sai ta ƙungiya. A tsarin yanzu kowace ƙasa takan tsayar da mutum shida, a ɗauki matsayin huɗun farko a tara. Wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci.

A ce wata ƙasa ta samu na 1, na 2, na 9 da na 30. Jimlarta 42. Wata kuma ba ta da kowa a cikin ukun farko, amma 'yan wasanta sun jeru a na 5, 6, 7 da 8. Jimlarta 26, kuma ita ke tafiya da kofi. Idan aka yi kunnen doki, sai a duba mutum na huɗu na kowace ƙasa, wanda ya riga isa ya raba gardama. Ka ga ke nan mutumin da ke fama can baya, wanda kyamara ba ta ko leƙa shi, yana iya zama shi ke riƙe da lambar ƙasarsa. Mafi kyawun maki da za a iya samu shi ne 10, wato a kwashe na ɗaya zuwa na huɗu. Matan Kenya sun yi abin da ya wuce haka a Kampala a 2017: su shida suka shiga, su shida suka fara isa, Irene Cheptai ce a gaba.

Yaushe aka fara ta?

A 1903, a filin sukuwar dawaki na Hamilton Park da ke Sikotland. Lokacin tsakanin Ingila, Sikotland, Wales da Ayalan kawai ake yi, kuma Alfred Shrubb na Ingila ne ya fara ci. Faransa ta shigo a 1907, wasu ƙasashen suka biyo baya a hankali. Na farko da ya ci yana wakiltar wata ƙasar Afirka shi ne Rhadi Ben Abdesselam na Maroko a 1960. Mata ba su samu gurbi a hukumance ba sai 1967, kuma Doris Brown ta Amurka ta ci biyar na farko a jere. A 1973 hukumar guje-guje ta duniya ta karɓi ragamar gasar, aka yi ta farko ƙarƙashinta a garin Waregem na Beljiyam.

Ya aka yi gabashin Afirka ya mamaye ta?

Labarin ya faro ne a Madrid a 1981, shekarar da Habasha da Kenya suka fara zuwa. 'Yan Habasha sun cika gaba, sai suka yi kuskuren ƙirga zagaye. Suka zuba dukan ƙarfinsu, suka tsaya a zaton an gama, ashe da saura ɗaya. Kafin su farga an fara wuce su. Mohamed Kedir ya sake ɗaukar gudu ya zo na biyu, bayan Craig Virgin na Amurka, kuma duk da wannan ɓatan lissafi Habasha ce ta ci kofin ƙungiya na maza. Ta riƙe shi har 1985.

Daga 1986 sai Kenya ta karɓa, ba ta sake shi ba sai da ta ci sau 18 a jere, har 2003. A 1988 a Auckland, cikin mutum tara na farko takwas 'yan Kenya ne. Namiji na ƙarshe da ba haifaffen Afirka ba da ya ci babban tseren shi ne Carlos Lopes na Fotugal a 1985, yana da shekara 38. A ɓangaren mata kuma Benita Johnson ta Ostireliya ce, a 2004.

Mene ne sirrinsu?

Ba abu ɗaya ba ne. Garuruwan da zakarun suka fito a kan tsaunuka suke: Iten a Kenya ta kai kusan mita 2,400 sama da teku, Bekoji a Habasha ta ɗara haka, Kapchorwa a Yuganda tana gefen dutsen Elgon. Iskar can ba ta da yawan sinadarin da jiki ke shaƙa, sai jini ya saba da aiki da kaɗan. Amma tsauni kaɗai ba ya yin zakara. A waɗannan wurare ana atisaye ne a rukuni, a kan hanyoyin ƙasa da gangaren daji, wato irin filin da za a tarar ranar gasa. Yaro yana tasowa yana ganin maƙwabcinsa ya gina gida da gudu. Sannan samun shiga tawagar ƙasa ma yaƙi ne: gasar zaɓe ta Kenya ko ta filin Jan Meda a Addis Ababa kan watsar da mutanen da a wata ƙasa su ne taurari.

Nan ne kuma ake fara ganin manyan gobe. Eliud Kipchoge ya ci tseren matasa a 2003. Faith Kipyegon ta ci na 'yan mata a 2011 ba takalmi a ƙafarta.

Wa ya fi kowa a tarihin gasar?

Kenenisa Bekele, ɗan Bekoji, ba na ko jinkiri. Daga 1998 zuwa 2006 akwai gajeren tsere na kilomita 4 ban da dogon, a kwana biyu mabambanta. Bekele ya haɗa duka biyun shekara biyar a jere, 2002 zuwa 2006. A 2008 a Edinburgh wani ya take masa dunduniya takalminsa ya zame tun farkon tsere. Ya tsaya, ya sunkuya ya gyara, ya bi su ya kamo, ya ci. Zinariyarsa ta ɗaiɗaiku a matakin manya 11 ce.

Kafin shi akwai John Ngugi na Kenya mai biyar, wanda taɓo bai dame shi ba ko kaɗan, da Paul Tergat da ya ci biyar a jere daga 1995 zuwa 1999. A mata, Grete Waitz ta Nowe ta ci biyar. Derartu Tulu da Tirunesh Dibaba kowacce ta ci dogon tsere sau uku, Zola Budd kuma ta ci 1985 da 1986 ƙafarta a ƙasa.

Kilomita 10 kacal, me zai sa a ce ta fi wuya?

A tambayi Joshua Cheptegei. A Kampala a 2017, gaban jama'ar ƙasarsa a filin Kololo, ya ɓalle ya ba kowa tazara, filin ya ɗauki ihu. Saura ƙasa da kilomita ɗaya sai zafi ya ci ƙarfinsa. Ƙafafunsa suka ƙi, bayansa ya lanƙwashe, ya koma tangaɗi kamar mai tafiya cikin barci, 'yan wasa suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Geoffrey Kamworor na Kenya ya ci. Cheptegei bai fita ba. Ya ja jiki har layi ya zo na 30, kuma wannan na 30 ɗin na cikin makin da ya ba Yuganda tagulla. Duk lokacin da na sake kallon wannan hoton sai jikina ya yi sanyi.

Bayan shekara biyu, a Aarhus ta Denmak, aka shata hanya mai ramin taɓo da ruwa da yashi, wadda ta hau rufin gidan tarihi na Moesgaard mai gangara da ciyawa. A nan Cheptegei ya ci, Jacob Kiplimo ya bi masa, Yuganda ta ɗauki kofin maza karon farko.

Ba shi kaɗai zafi ya taɓa kayarwa ba. Bekele da kansa ya fita daga tsere a Mombasa a 2007, Zersenay Tadese na Iritiriya ya ci. A Bathurst ta Ostireliya a 2023, Letesenbet Gidey tana gaba, tana hango layi, sai ta faɗi. Beatrice Chebet ta wuce ta. Wani ya shigo ya ɗaga ta, ta ƙarasa, amma aka soke sakamakonta domin doka ta hana a taimaki ɗan wasa.

Su wa ke riƙe da ita a 'yan shekarun nan?

Kiplimo ya ci 2023 a Bathurst, ya maimaita a Belgrade ta Sabiya a 2024, kuma sau biyun Berihu Aregawi na Habasha ne na biyu. Chebet ma ta ci duka biyun, a Belgrade kuma matan Kenya ne suka kwashe lambobin uku. Watanni kaɗan bayan haka ta ci mita 5,000 da 10,000 a Olamfik ta Faris. Gasar 2026 kuwa birnin Tallahassee na Amurka aka ba.

Tana cikin wasannin Olamfik?

Ta taɓa shiga sau uku: 1912, 1920 da 1924. Ta ƙarshen a Faris aka yi cikin tsananin zafi. Mutum 38 suka tashi, 15 suka isa, Paavo Nurmi na Finlan ya ci, sauran da yawa aka kwashe su a galabaice. Daga nan aka cire ta. Shugaban hukumar guje-guje ta duniya, Sebastian Coe, ya sha kiran a dawo da ita, har da shawarar a saka ta cikin wasannin hunturu.

Idan tana da wannan daraja, me ya sa ba a cika jin labarinta ba?

Dalilai sun taru. Da gabashin Afirka ya mamaye, ƙasashen Turai da dama suka daina turo gwanayensu, wasu ma suka daina zuwa, masu tallafi da gidajen talabijin suka ja baya. Daga 2011 aka mai da ita duk bayan shekara biyu. Kuɗi ma na ciki: zakara yana samun dala 30,000, alhali manyan tseren fanfalaki na biyan ninkin haka, ga kuɗin halarta.

Ni dai ban yarda da hujjar masu ƙauracewa ba. Mazan Amurka sun je Bydgoszcz ta Folan a 2013, cikin sanyi da dusar ƙanƙara da taɓo, suka zo na biyu a ƙungiya, gaban Kenya. Hanyar ta yi musu daidai, kuma huɗunsu sun iso kusa da juna. Tun daga Aarhus masu shirya gasa suka koma shata hanyoyi masu wuya da gangan, maimakon filin da ya yi kama da dandalin wasa, kuma irin waɗannan hanyoyin ne nake fata a ci gaba da gani.