Waiwaye: Yadda maganin taɓin hankali ya iso Arewacin Kamaru

Har zuwa ƙarshen shekarun 1940, babu wata ƙwaya da likita zai ba mai taɓin hankali ta kwantar da cutar kanta. A Turai kulle shi ake yi a gidan mahaukata. A nan kuwa sai turu ko mari, da rubutu da hayaƙi, wasu a kai su wurin 'yan bori. A Faransa abin ya sauya. A 1950 aka haɗa chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, a 1952 kuma likitoci Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na Paris. Mutanen da suka daɗe suna jin muryoyi da fisge-fisge suka lafa. Daga nan sai magunguna suka yi ta fitowa: imipramine na ciwon damuwa a 1957, haloperidol a 1958, Valium a 1963.

Magungunan sun iso Kamaru, amma sun yi zamansu a kudu, a asibitin Jamot na Yawunde da Laquintinie na Duwala. Mutumin Marwa da ɗansa ya zauce sai ya yi doguwar tafiyar mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, riƙe da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Yawancin iyaye ba su ko fara ba, kuma ban ga laifinsu ba.

A 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, har da na ƙwaƙwalwa. Sai dai bayan tsarin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi, majinyaci ya koma biyan kuɗin magani daga aljihunsa, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Cutar da ke son magani na watanni ko shekaru ita ta fi jin jiki.

To, suna aiki kuwa? Suna yi, kuma an auna. Wani nazari na 2012 da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna cewa cikin masu cutar da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da shan magani ne cutar ta dawo musu cikin shekara guda, waɗanda aka mayar kan ƙwayar da ba ta da sinadari kuwa kashi 64. Wani na 2018 ya duba magungunan ciwon damuwa 21, ya samu dukkansu sun fi ƙwayar banza, ko da yake ratar ba ta da faɗi sosai. Waɗannan sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warware.

A nan muke yawan faɗuwa. Saurayi ya fara Largactil ko haloperidol, bayan 'yan kwanaki wuyansa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, yana tafiya a sanƙare. Uwarsa ta dube shi ta ce, "Malam, maganin asibitin nan kashe mini yaro zai yi." Sai a jefar da kwalin. Alhali wannan sananniyar illa ce da likita ke gyarawa ta hanyar rage yawan maganin ko ƙara wani kamar Artane. Ba wanda ya zauna ya yi musu bayani ne. Wani kuma da ya ga sauƙi ya koma kasuwa sai a ce ya warke, a daina saye, bayan watanni cutar ta dawo a ce ai dama iska ce. Ruƙiya da addu'a ba su hana shan magani. Dakatar da shi ne ke mayar da hannun agogo baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tiramol da diazepam suna samuwa a teburin mai talla a Garwa da Marwa, matasa masu babur na haɗiya ba takardar likita, amma uban da ke neman allurar taɓin hankali ta wata-wata ta ɗansa yakan zaga farmasi ya dawo hannu rabbana.

Rikicin Boko Haram ya ƙara nauyin. A 2013 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo, daga 2014 kuma hare-hare suka tsananta a Kolofata da Fotokol, suka bar mutane da firgici da rashin barci. Ƙungiyoyin agaji sun kawo masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, aka kuma ƙara jin amfanin shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, wanda ke koya wa nas da likitan gama-gari gane waɗannan cututtuka da ba da magani a ƙaramin asibiti. Horon ya rage wa mutane tafiyar Yawunde inda ya kai, amma tallafin ƙungiyoyi yana da wa'adi, kuma nas ɗin da ya iya aikin ba abin da zai yi wa majinyaci ranar da ma'ajiyar maganin asibitinsa ta ƙare.