Kallon bidiyo da ƙarin gudu: minti nawa ne ainihin ribarka?

Ɗaliban Jami'ar Bayero masu bitar lacca a waya, yaran da ke shirin JAMB, har da 'yan Kantin Kwari da ke son cim ma tafsirin da ya wuce su suna shago, da yawansu sun gano maɓallin nan na ƙara wa bidiyo gudu. Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin lokacin.

Tambaya: Yaya zan san tsawon lokacin da bidiyo zai ci in na ƙara masa gudu?

Amsa: Raba tsawon bidiyon da lambar gudun. Karatun awa ɗaya a gudun 1.25 zai ƙare cikin minti 48. A 1.5 minti 40 ne, a 1.75 ɗan sama da minti 34, a 2 kuma minti 30. In lokacin da ke hannunka ka sani, sai ka ninka maimakon rabawa. Mai minti 40 kafin a kira Isha'i, a gudun 1.5 zai gama bidiyon awa guda cif.

Kada agogon da ke ƙasan bidiyon ya ruɗe ka. A YouTube lokacin bidiyon yake ƙirgawa, ba na agogon hannunka ba. Idan ya nuna saura minti 30 kana kan 1.5, minti 20 suka rage maka.

Tambaya: Ke nan in na kai gudun ƙarshe na fi cin riba?

Amsa: A nan mutane ke yaudarar kansu. Sake duba lambobin nan na sama. Daga gudun asali zuwa 1.5 ka tsira da minti 20 a kowace awa. Daga 1.5 zuwa 2 kuwa minti 10 kacal ka ƙara, alhali a wannan tsakanin ne magana ke fara kuɓuce wa kunne. Koma baya sau biyar ko shida don jin abin da malam ya ce, goman nan sun tafi, ga ciwon kai a kai. Shi ya sa ni nake ganin 1.25 zuwa 1.5 ya ishi yawancin mutane, musamman in da Turanci ake darasin kuma mai maganar Ba'indiye ne ko Ba'amurke da kunnenka bai saba da lafazinsa ba.

Tambaya: Amma ana fahimta kuwa?

Amsa: Gwargwado. Wani bincike da aka yi a Jami'ar California ta Los Angeles, aka wallafa a 2021, ya sa ɗalibai kallon lacca a gudu daban-daban sannan aka yi musu jarrabawa. Bambancin da ke tsakanin masu gudun asali, 1.5 da 2 kaɗan ne, sai a 2.5 aka ga makin ya sauka. Sai dai ka tuna su da yaren da suke karatu da shi kullum suka saurara, kuma ba a bayan adaidaita sahu ba ana ta oda a Ƙofar Nassarawa.

Muryar kuma ba ta sirancewa kamar ta tsohon kaset idan ya ɗauki gudu, domin manhajar tana matse lokacin ne ta bar amon yadda yake.

Tambaya: Ina da lacca 12, kowace minti 50, jarrabawa saura mako guda. Yaya zan tsara?

Amsa: Haɗa su duka, minti 600 ne, wato awa 10. A gudun 1.5 sun koma minti 400. To, kada ka tsaya nan, domin wannan lokacin da bidiyon zai yi yana tafiya ne kawai. Hannunka bai ƙara gudu ba. Za ka tsayar ka kwafi jadawali, za ka koma baya, Umma za ta aike ka, wuta za ta ɗauke caji ya yi ja. Ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama minti 500. Raba wa kwana biyar, minti 100 a rana: rabi bayan Asuba kafin gari ya ɗau zafi, rabi bayan Isha'i. Kwana biyun da suka rage na bita ne da tsoffin tambayoyi.

Kuma ba dole duka su tafi a gudu ɗaya ba. Gabatarwa da maimaicin darasin jiya, tura su a 2. Inda malam ya ɗauki alli yana warware lissafi mataki-mataki, dawo da shi gudun asali, ko ƙasa da haka ma, tunda akwai 0.75.

Tambaya: Data fa, tana raguwa?

Amsa: A'a. Bidiyon nan dai shi za a sauke gaba ɗayansa, ko ka kalle shi a awa ɗaya ko a rabin awa. Illa ma dai yana buƙatar sabis mai ƙarfi, domin a gudun 2 sai wayar ta jawo ninki biyu a kowane minti, in ba haka ba ya riƙa tsayawa yana juyi. Abin da ke rage data shi ne sauke ingancin hoton zuwa 360p ko 480p. Mafi sauƙi, sauke bidiyon da datar dare, ka kalle shi da rana ba tare da intanet ba. Manhajar kunna bidiyo ta VLC ma tana ƙara gudu ga abin da ke cikin waya.

Tambaya: Akwai abin da bai kamata a ƙara wa gudu ba?

Amsa: Karatun Alƙur'ani, musamman ga mai koyon tajwidi. Madda da gunna da tsawonsu ake gane su, in ka matse lokacin ka koyi ƙira'ar da ba haka malamin ya yi ta ba. Bayanin tafsirin da Hausa kana iya ɗaga shi zuwa 1.25, amma da mai jan baƙi ya karɓa, mayar da shi 1. Haka darasin koyon harshe, da bidiyon aikin hannu irin yankan ɗinki ko gyaran waya, inda ido ne ke bin yatsun mai aikin. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, wanda yake da 1.5 da 2 tun 2021, in na lissafin kuɗin kaya ne, saurare shi a gudun da aka faɗe shi.